Belin Dogo

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mai buga takardu na bakin kotu ne ke rubuta mini, na kuma ce ya sa maganar yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata mai.

Shekara goma sha takwas ke nan abu na tsaye mini a wuya. Ni na zauna gaban wuta a maƙerar Baba ina dukan ƙarfe har ka gama bokonka. Amma ranar da matata, uwar Dogo, ta rasu, maƙwabta ne suka ɗauke ta, kai ko inuwarka ban gani ba. In ka hango ni a titi sai ka tsallaka. Wa na kashe maka? Ba ka taɓa faɗa ba.

To, ba wannan ta kawo ni ba. An kama ɗana Dogo, wanda kai ma ɗanka ne. A tashar mota wani ɗan kamasho ya zage shi ta uwa, ya ƙara masa da sifana a kafaɗa. Dogo ya zaro ƙarfen jak ya ba shi ɗaya a muƙamuƙi. Haƙora huɗu a ƙasa, jini har gilashin mota. Mutumin na asibiti, an ɗaure masa baki da waya.

Alƙali ya ba da beli, amma sai mutum biyu sun tsaya masa. Na je in tsaya. Magatakarda ya dangwala babban yatsana a tawada, ya danna a takarda, sai baƙin tabo kawai. Ya bi yatsuna goma, duk haka. Wutar shekara hamsin ta cinye zanen yatsun. Ya ce, “Baba, kai ko sata ka yi ba mai kama ka.” Na shaƙe masa wuyan riga har idonsa ya fito. ’Yan sanda biyu suka jefo ni daga matattakala, gwiwata har yau ba ta lanƙwasuwa.

Tela maƙwabcina ya cike gurbina. Saura na biyun: dole ma’aikacin gwamnati, da katin aiki, da hoto biyu, da takarda daga shugabansa, a kuma je a ga gidansa. A duk zuri’armu kai kaɗai gwamnati ta san sunanka.

Ba roƙo nake ba. Haƙƙi ne. Ka zo.

Ka huta lafiya.
Yayanka

*

Auta,

Gaisuwa, in kana amsawa.

Kwana tara, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Jiya na je gidan yari. Da gandiroba ya fito da Dogo ban gane shi ba sai da ya ce “Baba”. Ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe, yatsu biyu sun kalli baya. Ashe ɗan’uwan ɗan kamashon yana cikin ɗakin da aka sa shi. Su biyar suka danne shi a gefen bokitin bahaya, ɗaya ya taka masa hannu da dunduniya. Sun ce masa wannan somin-taɓi ne.

Takardar belinsa tana kan teburin magatakarda, ƙura na hawa, saboda sa hannunka ɗaya. In suka kashe shi, a ƙofar ofishinka zan ajiye gawar, ka fito da alƙalaminka ka sa mata hannu.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jajen abin da ya faru. Wasiƙunka biyu sun iso. Ban amsa ba ne saboda ban san ta inda zan fara ba.

Ka tambayi wa ka kashe mini. Ka tuna shekarar da aka zo rushe rumfarka, ka manna wa wakilin mai fili jan ƙarfe a hannu? Ni na yi belinka. Na sa hannu cewa zan kawo ka kotu duk ranar da aka kira. Kai kuwa da ka fito ka ce an gama, ka ɗaure kayanka ka tafi aikin gada wata bakwai, ba adireshi. Yaya, beli ba sallama ba ne. Aron mutum ake ba ka, ka mayar ranar da aka ce.

An kira ka sau uku. A na huɗu suka zo ofishina. A gaban abokan aikina aka sa mini ankwa. Kwana goma sha ɗaya suna tambayata inda na ɓoye ka. Wani saje ya haɗa mini tafi biyu a kunnuwa lokaci ɗaya, na ji wani abu ya fashe, ruwa da jini suka biyo wuyana. Kunnen hagun bai sake jin komai ba. Aka ɗauke sunana daga ƙarin girma. Sai da na sayar da babur ɗina, na durƙusa wa mutumin da ka ƙona, kafin ya janye ƙara.

Inna, Allah Ya ji ƙanta, ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, don ta san za ka ɗauki guduma ka nemi sajen, a rataye ka. Da ka dawo, abin da ka fara ce mini shi ne, “Ɗan boko, ina babur ɗin, ko caca ta ci?” Rashin zuwana rasuwar uwar Dogo kuwa kuskure ne. Na zo har bakin layinku na juya. Wannan laifina ne.

Jiya na kai katina da hotuna, an zo an ga gidan, na sa hannu. Gobe za a sake shi. Saura mini shekara biyu in ajiye aiki, kuma gidan nan shi kaɗai na mallaka. An sa ranar ashirin ga wata, ƙarfe tara. In Dogo bai zo ba, ni za a nema. Ka karanta masa wannan, ko a karanta muku tare.

Na bar ka lafiya.
Ƙanenka

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa.

Sau uku na sa mai buga takardu ya maimaita mini wasiƙarka. Ni wa ya taɓa zaunar da ni ya ce beli aro ne? An buɗe ƙofa an ce fita, na fita. Ku masu karatu kuka ƙulle magana ku da Inna, kuka bar ni ina yawo kamar jaki da kaya ban san abin da na ɗauko ba. Sajen nan yana da rai? Faɗa mini unguwarsu kawai.

Dogo ya fito. Kwana shida yana kwance, mai ɗori ya gyara yatsun. Ran na bakwai ’yan’uwan ɗan kamashon suka zo da adduna, suka sassare ƙofar maƙera, suka ce kotu ko ba kotu sai sun cire masa muƙamuƙi. Na fito musu da ƙarfe daga wuta, ja zur. Na gaba ya ji ƙaurin gemunsa, suka watse.

Washegari da hantsi na tarar da Dogo a zaure da jaka a kafaɗa. Ya ce, “Baba, in na koma ɗakin can gawata za a miƙo maka. Kan iyaka zan tsallaka.” Na ce, “Baffanka fa?” Ya ce, “Ai shi babba ne, ba abin da za a yi masa.” Maganata ce sak a bakinsa, ta shekara goma sha takwas da suka wuce.

Na tare ƙofa. Ya ture ni, kaina ya bugi bango. Ɗan da na haifa! Na rarumi awartaki na sauke masa a ƙwauri, ya zube. Kafin ya tashi na ja shi har gindin uwar maƙera. Sarƙar da na yi wa wani mai shanu ita na zagaya masa a ƙafa, na buga ƙusa na daddale bakinta. Yana kuka yana zagina, ni ma hawaye na zuba, ban fasa bugu ba.

Yana ci, yana sha, ina kwana a gefensa. Gidanka ba zai tafi ba.

Ka gaida iyali.
Yayanka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ka cire masa sarƙar nan yau. Laifi ne, in aka ji kai ma sai an yi belinka, ni kuma hannuna ya ƙare. Lauya ya shigar da ƙorafi kan masu addunan da kuma dukan gidan yari, ka faɗa wa Dogo. Sajen ya mutu tuntuni, ka ajiye gudumarka.

Sai ranar ashirin.
Ƙanenka

*

Auta,

Gaisuwa.

Ban cire ba sai safiyar ashirin. Amma da na sare ƙusar, da ƙafarsa ya shiga mota, ba wanda ya ja shi. Ka gani da idonka: tun ƙarfe bakwai muna kan benci. Aka kira sunansa ya ce “Ga ni.” Aka ɗaga zuwa wata mai zuwa, kuma zan sake kawo shi.

Da aka fito na tsaya a gefenka a matattakala. Abin da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba na faɗa maka, har sau biyu. Na ce ka yafe mini. Ba ka juyo ba, ka sauka ka tafi.

Tun ranar nake lissafi, na kasa tuna ko ta hagunka na tsaya ko ta dama. In mataccen kunnen na yi wa magana, faɗa mini in zo in sake ta ɗayan. In kuwa ka ji ne ka yi shiru, wannan ma faɗa mini.

Ka amsa mini, Auta. Ko zagi ne, ka amsa.

Yayanka