Maki 2931 Cikin Ɗari

Anti, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Alhamis. Ranar ce mai fenti zai zo, kuma in ya zo ya gama aikinsa ya tafi, ban san inda zan sa kaina ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar kuɗi, shekarata goma sha ɗaya a can. Bara na shiga wani kwas na waya ina koyon JavaScript, yaren da ake sa shafukan intanet su yi aiki da shi. Gaskiya ban kammala ba, a darasi na tara na tsaya. Amma a ɗakin malamanmu, inda har yanzu tsohuwar rajista ce ke tokare da ƙafar tebur, darasi tara ya ishi mutum ya zama masani.

Duk ƙarshen zango malamai kan yi kwana huɗu suna danna kalkuleta, suna haɗa makin gwaji, wanda yake cikin talatin, da makin jarrabawa, wanda yake cikin saba'in. Sai na ce bari in rage musu wahala. Na gina ɗan shafi mai akwati biyu. Malami zai rubuta makin gwaji a ɗaya, na jarrabawa a ɗayan, shafin ya haɗa su da alamar +, in jimlar ta kai hamsin ya rubuta YA CI, in ba ta kai ba ya rubuta YA FAƊI. Yana kuma jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Jimlar kanta ban sa ya nuna ba, don na ga za ta cika shafin da tarkace. Na gwada shi, Anti, wallahi na gwada. A cikin umarnin da ke sarrafa shafin na rubuta 20 + 30 da hannuna, ya ba ni 50.

Sakamako ya fito. Cikin ɗalibai ɗari biyu da goma sha biyu, mutum ɗaya ne kacal ya faɗi, shi ma wani ne da iyayensa suka cire shi tun farkon shekara, aka manta ba a goge sunansa ba.

Mai Makaranta ta rungume takardar kamar jariri. Washegari aka rataya ƙyalle a bakin ƙofa, mai faɗin katanga, an rubuta cewa makarantarmu ta shiga zamanin kimiyya. A taron malamai ta ce dama ta daɗe tana zargin kalkuleta ce ke kayar mana da yara. Aka ba ni ofis, wato ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokiti a da, aka liƙa takarda a ƙofar: Sashen Fasaha. Malamin lissafi ne kawai ya ɗan yi tari ya ce abin da mamaki, don akwai ɗalibin da ya miƙa masa takardar jarrabawa babu komai a kai sai suna, shi ma sunan bai rubuta daidai ba. Mai Makaranta ta ce masa hassada ba ta da kyau ga mai hawan jini.

To ga inda abin ya shigo mini gida. Wadda ta zo ta ɗaya a ajin ƙarshe 'yar yayan matata ce. Shi wannan Yaya, lokacin da nake neman ƙanwarsa, shi ne ya ce me za a yi da mai cin ƙurar alli. Surukata kuwa shekara tara ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “mijin wance”. Yanzu Injiniya take ce mini. Ranar Juma'a da muka je gaishe ta, da kanta ta sa aka ɗauko mini kujera mai hannu, wadda Yaya kaɗai ke zama a kai. Matata ta kai ɗinki, ta ce ba za ta je bikin ba da kyaututtuka da tsohon kaya ba alhali mijinta ne ya ƙera injin.

Shekaranjiya Mai Makaranta ta ce tana son a buga jimlar maki a takardar yabo. Na shiga ofishina, na sa shafin ya nuna jimla. Anti, 'yar Yaya ta ci 29 a gwaji, 31 a jarrabawa. Shafin ya ce jimlarta 2931. Cikin ɗari.

Na ɗauka idona ne. Na duba ta biyu, 'yar direban motar makarantarmu: 25 da 68, shafin ya ce 2568. Ashe ba tarawa yake yi ba, jera lambobin kawai yake yi kusa da juna. Na ɗauko kalkuletar da muka gama zagi. 'Yar Yaya tana da sittin. 'Yar direba tana da casa'in da uku, ita ce ta ɗaya ta gaskiya. Ɗalibin nan mai farar takarda yana da 5 da 0, shafin ya mai da su 50, ya ci cif. Waɗanda suka faɗi na gaskiya sittin da ɗaya ne. Abin da ya ƙara rikita ni, da na canza + zuwa alamar ɗebewa don in gani, sai lissafin ya fito daidai. Ko dai an yi wa alamar tarawa wani abu ne?

A zaurenmu na taro akwai allon katako da ake rubuta sunan wanda ya zo na ɗaya kowace shekara da fenti ruwan zinariya. Ba a taɓa goge suna ba. Ranar Alhamis za a rubuta na 'yar Yaya, Asabar a yi biki. Kuma kullum da safe a motar makaranta nake zuwa aiki, a kujerar gaba. Jiya direban ya ce mini, “Malam, yarinyar ta ɗan yi kuka, amma na ce mata ta yi haƙuri, kwamfuta ba ta son kai.” Na ce masa haka ne, na juya ina kallon taga.

Na yi tunanin in yi shiru in gyara shafin a ɓoye kafin zango mai zuwa. Na yi tunanin in ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, tunda ba wanda zai iya musa mini. Matata ba ta sani ba. In na faɗi gaskiya, ofis ya tafi, kujera ta tafi, Yaya ya samu abin faɗi har tsufansa. In kuma wani ya gano daga baya, wa zai yarda kuskure ne, tunda 'yar gidanmu ce ta ci? Don Allah me zan yi?

Naku,
Injiniyan Darasi Tara

Injiniya, wa alaikumus salam.

Bari mu fara wanke alamar tarawa, don ba a yi mata komai ba. A JavaScript aiki biyu take da shi tun asali. In ka ba ta lamba da lamba, sai ta tara. In ɗaya daga cikinsu rubutu ne, sai ta liƙa su. Duk abin da mutum ya buga a akwatin shafi kuwa, a matsayin rubutu yake isowa, ko da kamarsa kamar lamba. Wato 29 ɗin da malami ya rubuta, a wurin shafinka ba ta da bambanci da suna ko adireshi. Ka ba + rubutu biyu, ta haɗa maka su tsaf, kamar yadda aka tsara ta. Alamar ɗebewa ba ta da sana'a ta biyu, haka ta ninkawa da ta rabawa, shi ya sa suke mai da rubutun lamba da kansu kafin su fara aiki. Alamar da ka sa ta duba ko an kai hamsin ita ma ta yi maka wannan karamcin, sai dai a makare: ta karɓi 2931, ta mai da shi lamba, ta ga lallai ya fi hamsin. Ba ta yi ƙarya ba.

Gwajin da ka yi na 20 + 30 ya yi kyau saboda kai ka rubuta su a matsayin lambobi. Ka gwada ƙofar da ba wanda zai bi, ka bar wadda malamai talatin za su bi. Ni ma na yi wannan kuskuren a shekarata ta biyu a jami'a. Bambancinmu, ni ba a buga mini ƙyalle ba.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Ka saka abin da ya fito daga kowane akwati cikin Number(), umarnin da ke mai da rubutu lamba, kafin ka tara. Ka hana shafin karɓar akwatin da aka bari fayau, domin zai ɗauke shi sifili ba tare da ya tambaye ka ba. Ka sa duk jimlar da ta wuce ɗari ta fito da jan rubutu. Tunda kuma na san gaba matsakaicin maki za su nema, ka sa abin da za ka tara cikin baka biyu kafin ka raba, don rabawa tana riga tarawa aiki ko da a bayanta take a layi. Sannan ka daina ɓoye jimla. Da shafin ya nuna 2931 tun ranar farko, da ko mai shara ta tare ka.

Ba kai kaɗai ne da laifi ba, kuma ina so ka riƙe wannan don kada ka je kana rawar jiki fiye da kima. Makaranta ta ga kowa ya ci, har da mai farar takarda, mutum ɗaya ne ya yi tari, aka ce ya kula da jininsa. Iyaye ɗari biyu ba wanda ya zo ya ce a duba, ɗana bai kai haka ba. A yaren nan akwai == da ke cewa abu biyu ɗaya ne in sun yi kama, ko da ɗaya rubutu ne ɗaya lamba, akwai kuma === da ba ta yarda sai iri ma ya zo ɗaya. Ƙwararru ta biyun suke amfani da ita. Makarantarku ta farkon take so, kuma ba ita kaɗai ba.

Amma kai ne ka sani yanzu, su ba su sani ba. Har shekaranjiya kuskure ne. Daga ranar Alhamis, in ka bari aka rubuta sunan nan, ya zama abin da ka zaɓa. Maganar ƙwayar cuta ka bar ta. Cutar da ke tsallake yara ɗari biyu ta ɗora 'yar yayan matarka a sama, ko surukarka ba za ta yarda da ita ba. Shiru ma ba zai riƙe ba: takardun jarrabawar suna nan a kabad, malamin lissafi kuma bai mutu ba.

Matarka za ka fara gaya wa, yau, kafin ta ji a bakin wani. Za ta yi fushi, wataƙila saboda ɗinkin ma ya fi. Ka bar ta ta zaɓi yadda za a gaya wa Yaya, ta fi ka sanin lagonsa. Kada kuma ku bari 'yarsa ta ji a zauren taro. Ba ta saci komai ba, kuma sittin ci ne na halak, wanda ya fi ƙarfin yara da dama a ajin.

Gobe da safe ka shiga ofishin Mai Makaranta da kwamfutarka da sakamakon da ka gyara, a buge a takarda. Kada ka yi dogon bayani. Ka ce ta rubuta 1 a akwatin farko, 1 a na biyu, a tsohon shafin, ta ga 11 da idonta. Daga nan ka tuna mata cewa gara ita ta kira iyaye da bakinta, da a ce wani uba mai kalkuleta ne ya kira ta. Wannan hujjar za ta fi shigarta fiye da wa'azi. Ka tafi da malamin lissafi, ya cancanci ganin wannan rana.

Ofis zai iya tafiya. Ɗakin tsintsiya ne, za ka rayu. Kujerar ma za ta koma wa mai ita, kuma ina zaton za ka sake zama mijin wance na wani lokaci. Amma akwai kujerar da za ka ci gaba da zama a kai kowace safiya, kusa da mutumin da ya lallashi 'yarsa da cewa kwamfuta ba ta son kai. Ka sa maganarsa ta zama gaskiya kafin mai fenti ya buɗe gwangwani.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran uwargida. In ƙura ta lafa, ka koma ka yi darasi na goma.