Kawu Ya Sa Mun Ɓoye Wayoyi, Ƙarfen Sabis Ya Wuce Mu

Anti Gudiya, ina gaisuwa, da ƙawayena masu karanta filin ga. Ku taimake ni kafin in tona asirin wani dattijo, don wallahi raina ya ɓaci.

Ni 'yar Sarandosa ce, humra da turaren wuta nake saidawa ta waya. Sabis a garinmu sai kin hau tudun bayan makaranta kin ɗaga hannu sama. Bara mutanen wani kamfanin waya suka zo da takardu, gida gida suna tambayar masu waya nawa ne. Kawu Arzika, yayan innata, wanda gari ke jin maganarshi, ya bi mutane wai 'yan haraji ne, kowa ya ɓoye tashi. Tawa cikin buhun gero ta wuni. Gari guda, waya tara aka rubuta. Kamfani suka ce ba riba, suka kai ƙarfen sabis wani ƙauye can wajen Maiyama.

Wancan satin wata mai aurar da ɗiya a Jega ta turo saƙo tana son kwalba talatin. Sai bayan kwana uku ya shigo, ta riga ta saya wurin wata. Shi ko Kawu kullum yana bisa tudun ga da wayarshi yana tambayar farashin albasa a Aliero, ko kunya babu. Na rubuta labarin da sunanshi, saura in saka a Fesbuk. In saka? Wadda aka taɓa yi wa haka ta faɗa mini.

Mai Humra, Sarandosa

Amsa

Ƙanwata, kada ki saka. Fushinki da dalili, amma tsoro ne ya ja kawunki, ba mugunta ba. Kamfani kuma ƙarfe zai kafa, ya sa inji, ya zuba mai, ya ɗauki mai gadi. Ba zai yi wannan don mutum tara ba.

Ƙidaya ce ta ɓaci, ita za ku gyara. Ku bi gida gida ku rubuta suna da lamba, har da malaman makaranta, ungozoma da manoman albasa. Wanda ya sa mutane suka ɓoye, shi kaɗai zai sa su fito. Idan kin kunyata shi a duniya, kin rasa shi. Ki bi ta wurin innarki, ya jagoranci kai takardar sunayen ga hakimi da ƙaramar hukuma, garin kuma ya yi tayin fili.

Ba na ce gobe za a kafa ba. Kafin nan, ki sanar da masu saye cewa kullum bayan la'asar kike duba saƙo. Allah ya huci zuciyarki, ya buɗa kasuwa.