Yafiyar da Sadiq Ya Bi Gida-Gida Yana Nema

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Balki da yara. Yaya Fatakwal, yaya ƙafar taka? Mu nan Nasarawa da sauƙi, amma kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Maganar ɗanka Sadiq ce. Makon jiya ya bi dangi gida-gida yana cewa a yafe masa, alhali ba azumi, ba tafiya. Ya mayar wa mutane yadinsu bai ɗinka ba, ya kyautar da almakashinsa. Yaya, murna muka yi! Har Baba ya sa masa albarka, wai yaro ya nutsu.

Maman Grace, nas ɗin nan ta unguwar Television da yake wa ɗinki, ita ta biyo shi gida bayan ya mayar mata da yadinta. A gabana ta ce, "Sadiq, kana tunanin kashe kanka ne?" Saura kaɗan in toshe mata baki. Shi kuwa ya fashe da kuka, ya ce, "E, na gaji."

A ranar muka kai shi asibiti. Yana ganin likita, ba ma barinsa shi kaɗai.

Don Allah ka kira shi. Kada ka yi masa wa'azin rashin tawakkali, ka saurare shi kawai. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ni da na haife shi, da ya durƙusa a gabana, "na yafe" kawai na ce. Ban tambaye shi me ya faru ba.

Ƙanwarka,
Hadiza