Saniyata Ta Cinye Ajinka

Aminina Mushe Isa, malamin makarantarmu,

Gaisuwa mai yawa, Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da za ka karanta, da jan alƙalami za ka fara ɗauka ka bi kurakuraina kamar yadda ka saba. Amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya, gwargwado. Damina ta ɗauke da wuri, hatsi bai kai ba, ciyawa kuwa ba a magana. Ƴarka Zuwaira tana hannuna kamar yadda ka bar wasiyya. Ta yi tsawo. Bana ne ya kamata ta yi jarrabawar shiga kwaleji.

Ka san yadda muke yi. In an gama girbi kowane gida ya kawo damin kara, a tara a gidana tunda ni ne shugaban iyayen yara, ranar da malami ya iso a kafa dirkoki a yi rumfar aji. Bana ma an kawo, kowa da ɗan abin da ya samu. Sai dai wanda aka turo a madadinka bai zo ba. Sau biyu ina zuwa ofishin ilimi na Mayahi ana ce mini in ƙara haƙuri. An ce ɗan nesa ne, yana jin sunan garinmu Isawan ya ce ba shi da lafiya.

Ka tuna ranar kasuwa a gindin gawo, in ka fara zuba? Kana cewa a gina aji da tubali sau ɗaya a huta, a ɗauki malamai cikin ƴaƴan yankin, waɗanda ba za su gudu ba. Kana cewa gwamnati ta kafa rumbun dusa da harawa a kowace karkara, don garin da dabba ke mutuwa da rani yaro ba ya zama a lakwal ya yi karatu. In motar gyaɗa ta nufi kudu sai ka nuna ta da baki, ka ce ga aikin samarinmu can an loda, da a Tasawa ake matse man da ba su tafi ci-rani ba. Ni kuma in kira ka Minista marar mota, jama'a su kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Isa, ga abin da ya sa na rubuto. Jar saniyata da ka sani ta kai ba ta tashi sai an ɗaga ta. Nononta muke sha, har da Zuwaira. Wata safiya na tsaya ina kallonta, ina kallon tarin karan aji. Na ce dami ɗaya ne, zan mayar. Bayan kwana uku na ƙara. Kafin mako biyu maƙwabta sun gani, kowa ya zo ya ce a ba shi nasa. Da wane baki zan hana?

Yanzu dirkoki kawai suka rage. Shekaranjiya kuma saƙo ya iso, wai an samu wani malamin, zai zo ranar Litinin. A ina zan zaunar da shi? Ko zana ɗaya babu a garin nan. In ya ga fili tsirara, ka san zai juya, kuma ba zan ga laifinsa ba.

A gaban Zuwaira aka yi komai. Ita ke taya ni sassara karan, in ta gama ta ɗauki tsoffin littattafanka ta koma bayan rumbu. Sau ɗaya ta tambaye ni ko ana barin wanda bai shiga aji ba ya yi jarrabawa. Na ce zan tambaya. Ban tambaya ba, don na san amsar.

Ka yafe mini dariyar nan, kai ne mai gaskiya. Ina jin kunyarka fiye da lokacin da kake raye. Saniyar ta miƙe, nono ya dawo. Kullum da safe ƴarka ce ke tatsa, ta durƙusa ta miƙo mini ƙwarya, ni kuwa in karɓa in ajiye ban sha ba.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ba a kai maka labarinmu.

Amininka da ya ci amanarka,
Haruna