Idon Baba da Alamar ✓ Guda Biyar

Tampere, 9 ga Maris

Ƙanena Ilkka,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Sirpa da yara, kuma ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da zuciyata da ke tafasa tun ranar Asabar.

Ka tuna yadda muka yi da kai ranar da likita ya ce sai an riƙa yi wa Baba allura a ido duk wata, in ba haka ba ganinsa zai tafi. Ni ina nesa, kai kuwa kana da mota, tafiyar awa ɗaya ce tsakaninku. Na buɗe mana jerin ayyuka a waya. Ni zan nemi ranar ganin likita, kai ka kai shi, in kun dawo ka danna ✓. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, guda biyar reras. Duk wadda na gani sai in sa maka albarka, hankalina ya kwanta. Har yabonka nake yi a wurin aiki, ka ji wauta!

Ranar Asabar na sauka gidan Baba a Kuhmo ba tare da na sanar ba. Baba ya dafa gahawa, ya yanko baƙin burodi. Da ya tashi zuba min, rabi a kan tebur ya zuba, gefen kofin. Ya yi dariya ya ce, "Tsufa ne, 'yata, hannu ke rawa." Hannunsa bai yi rawa ba, Ilkka, ina kallo. Na ja aljihun tebur neman tsumma, sai ga wasiƙun asibiti jibge, ko buɗe su ba a yi ba. Yau na buga musu waya, ma'aikaciyar jinya ta ce rabonsu da shi tun Satumba.

Wato sau biyar ka ɗauki waya, ka nemo layin, ka danna da yatsanka. Wannan ba mantuwa ba ce. Da ka ce min ka gaza, wallahi da na riƙa hawa jirgin ƙasa duk wata, tafiyar ba za ta kashe ni ba. Ka ci amanata, kuma ina son in ji dalili. Jibi zan koma in kai shi da kaina.

Ka gaida Sirpa.

Yayarka,
Marjatta

Kuhmo, 27 ga Maris

Ilkka,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Amsarka ta same ni, na karanta sau uku.

Da farko na ɗauka ƙarya ka ƙara. Sai na tambayi Baba, ya sunkuyar da kai ya ce haka aka yi. Ashe kana zuwa duk wata, ba fashi. Ashe tun Oktoba, a ƙofar asibiti, ya ƙi fita daga mota, ya ce, "Haba ɗana, allura a ƙwayar ido? Na gaji. Juya mu tafi tafki. Ka danna mata abin nan nata, in ba haka ba Marjatta za ta tayar mana da bala'i." Kai kuma ka juya. Da sanyi ya kama, kuna huda ƙanƙarar da ta rufe tafkin kuna kamun kifi, kuna gasa tsiran alade, ni ina can ina kallon ✓ ina murna kamar sakarya.

Ka rubuta cewa ba ka taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranakun nan ba tun rasuwar Mama. Na yarda. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ku biyu kun sami ranakunku, ni kuka mayar dodon da ake ɓoye wa magana. E, da na yi faɗa, ka san halina. Amma da na riƙe masa hannu an yi allurar, ya zage ni, ya huce.

Ga sakamakon, tunda ba ka tambaya ba. Idon hagu ya tafi, likita ta ce ba zai dawo ba. Na dama saura kaɗan. Ba zai iya zama shi kaɗai da murhun itace ba, shekaranjiya ma hannun rigarsa ya kama wuta. An samo masa ɗaki a gidan tsofaffi a cikin gari, tagarsa ba ta kallon tafki.

Jiya aka kawo takardar amincewa da komawarsa can. Ya juya ta, ya kai ta kusa da hanci, ya matsar da ita, sannan ya ce, "Marjatta, ina wurin?" Ni na kama hannunsa na ɗora a kan layin, ya sa hannu a kan barin gidan da ya gina da kansa.

Ranar Litinin ƙarfe goma za a kwashe kaya. Ka zo da motar. Ni ba zan iya fitar da shi daga ƙofar nan ba, kai za ka yi.

Yayarka,
Marjatta