Masara a Kuncin Ɗana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana don girman Allah. Ni dattijo ne, karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Don Allah ku ba ni shawara a kan ɗana na fari.

Yaron zabiya ne. Na ce yaro, amma ya haura hamsin, yana da mata da 'ya'ya. An haife shi a Fagge, ya taso daidai lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, ma'aikata suka samu ƙarin albashi, kowa na sayen abin da bai taɓa mafarki ba. Ni kuma ina da rumfa a kasuwar Sabon Gari, ina sayar da langa, fitilar ƙwai, rediyo da laima. Wata rana na je da shi kasuwa, sai na ga mutane na tsayawa kallonsa, wanda ya tsaya kuma sai ya taya kaya. Daga nan na riƙa zaunar da shi a bakin rumfa, a waje, inda ba inuwa. Har kwatance ake yi da shi, a ce ka je rumfar mai Bature. Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa kusa da ni, muna ce mata Iya. Kullum sai ta ce, "Alaji, rana tana cin yaro, ka sa shi ciki." Ni kuma in ce mata ai gara fatar ta saba, ta yi ƙwari. Haka na ji manya na faɗa. In mun koma gida ya yi jajawur, uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta shafe shi da man kaɗanya tana hawaye. Ranar da ta ce in ba shi laima ɗaya cikin waɗanda nake sayarwa, a gabansa na ce namiji ba ya yawo da laima, ai ba amarya ba ne. Ban san ya riƙe maganar ba.

Yanzu ga inda muke. Wani gyambo ya fito masa a kunci, ya ƙi warkewa, aka ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo. An yanke, alhamdulillahi an ce an kwashe duka, amma wurin ya bar rami, dole a rufe. Likita ya ce hanya biyu ce. Ko a yanko fata daga cinyarsa a liƙa, wanda shi ne aka saba, sai dai yana da ciwon suga, ciwo ɗaya zai koma biyu. Ko kuma a sa masa wani sabon abu da suke bincike a kai, siriri kamar tsumma, wai daga ƙwayar masara ake fitar da sinadarinsa. A shimfiɗa a wurin, nama ya riƙa tofowa yana bin sa, shi kuma ya narke a hankali. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce an gwada a dabbobi, mutanen da aka sa wa ba su da yawa, jiki na iya karɓa, yana kuma iya ƙi, wurin ya kumbura a cire.

Bature dariya ya yi, ya ce, "Likita, tun ina goye nake cin tuwon masara, ba ta taɓa ƙina ba." Likita ya ce ciki daban, nama daban, abin da suke so su tabbatar ke nan.

Gida ya rabu biyu. Matarsa ta ce ba za a yi gwaji da fuskar mijinta ba, ai shi ba ɓera ba ne, a yanko cinyar kawai. 'Yarsa babba, wadda ke karatun haɗa magunguna, ta ce abin tsiro ya fi kwanciya a rai, ba kamar wanda ake yi da fatar dabbar da ba mu san irinta ba, kuma ciwon cinya ga mai suga ba wasa ba ne. Sun yi kwana biyu uwa da 'ya ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Yarinyar har ta zaunar da ni tana ba ni labarin wani man shafawa na kare fata daga rana da ake ƙirƙira, wai maganin na ƙunshe cikin 'yan ƙananan ƙwayoyin mai, ba sa buɗewa sai rana ta taɓa su. Ta ce, "Alhaji, da ya fito kasuwa Abba zai huta." Na ce Allah ya kawo. Na kasa gaya mata wanda ya ajiye ubanta a cikin rana.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, Bature ya ƙi zaɓa. Ya ce wa likita ubansa na raye, ba zai sa hannu ba sai abin da na ce. Na kira shi ɗaki, na ce jikinka ne, kai ke da iyali, ni na taɓa yanke hukunci a kan fatar nan, ga abin da ya haifar. Ya ce, "Haba Baba, ai ciyar da mu kake yi. Ka faɗa kawai, ko wanne ne." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

In na ce masara, jiki ya ƙi, na sake saka fuskarsa a gaban mutane don a gani. In na ce cinya, ta ƙi warkewa, ni ne. In na yi shiru, shi ma shiru zai yi, ramin na nan a buɗe, kuma likita na jiran amsa mako mai zuwa. Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba.

Masu ilimin asibiti a cikinku, shin nama na karɓar abin tsiro da gaske? Sauran jama'a kuma, ta yaya uba zai mayar wa ɗansa zaɓin da ya ƙi karɓa? Jiya da za mu fita wankin ciwo, rana ta take, na miƙa masa laima. Ya duba ta, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai ni ba amarya ba ne," ya wuce gaba. Ni na bi shi da ita a buɗe har bakin titi, inuwar ba ta kai kansa ba.

Me zan ce masa?