Hannun Wa Ke Ƙarƙashin Naka?

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farko bayan dogon rani, wanda muryarsa ta fi mini madarar safe daɗi. Ina gaisuwa, amma yau gaisuwar tawa da yaji a cikinta, sai ka haƙura ka haɗiye.

Tun da jami'armu ta ƙulla yarjejeniya da waccan jami'ar ta ƙetare, aka tura ka can ka ƙarasa binciken digirinka na uku a kan lafiyar shanun madara, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Taron da jami'o'in biyu ke yi ta bidiyo duk wata shi ne abincin raina. Kowa yana kallon jadawalin kitsen madara, ni kuwa ina duba ko ka rame.

To jiya ka gabatar da aikinka. Hoto ya bayyana a allo, ƙato, ya cika bango: hantsar saniya, hannun mace a kanta, naka kuma a kan nata! Kada ka ce ba naka ba ne, na san tabon da igiyar maraƙi ta bar maka a babban yatsa. Ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ke, rufe bakinki mana, Farfesa na kallonki." Wallahi daga nan ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Ka manta ne? Haka ka koya mini tatsa a garken jami'a, shekarar da na fara, ina tsoron saniya kamar in zura da gudu. Ka durƙusa a bayana, ka ɗora hannunka a kan nawa, ka ce in daina ja, in matsa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Madarar ta zubo, ni kuma zuciyata ta tafi ba ta dawo ba. Ashe abin da na ɗauka nawa ne ni kaɗai, darasi ne da kake rabawa duk wadda ta yi rajista?

Na san amsar da ka tanada, don ni ma abin da nake karanta ke nan. Za ka ce ko a inda inji ke tatsa, sai an fara matso ɗigon farko da hannu a duba gudaji, saboda ciwon hantsa. Na yarda. Amma ɗalibar da ta kai digiri na uku a ƙasar da shanu suka fi mutane ƙiba, ita ce ba ta iya matso ɗigo uku ba sai an riƙe mata hannu? Kuma ina safar hannun da dokar garke ta ce a saka? Haba, masoyina! Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kishin da ya hana ni cin abinci tun jiya.

Ga dalilin da ya sa ba zan iya yin shiru ba. Ni ma lokacin tafiyata karatu ƙetare ya zo, an ba ni zaɓi biyu: jami'ar da kake, ko wata ta daban da ita ma ta shiga yarjejeniyar, wadda ke da ɗakin gwajin cuku irin wanda bincikena yake buƙata. Farfesa, wadda ke kula da bincikena, ta ce, "'Yata, in kika je wajen wancan yaron, sai kin sauya aikinki daga tushe. Ki yi tunani." Na riga na shirya sauyawa saboda kai, da farin cikina ma. Ranar Litinin take jiran amsata.

Don Allah, hasken raina, ka gaya mini gaskiya kafin ranar. Idan hannu ne kawai, ka ce in zo, zan ajiye aikin da na daɗe ina reno in taho da gudu. Idan kuwa zuciya ta bi hannun, kada ka bari in ƙetare teku don in tsaya a bakin garke ina kallonku.

In ka yi shiru, zan tafi ɗayar jami'ar, in gama digirina da kaina a sama. Kuma ko a can ba zan iya son wani ba, wannan ne ya fi komai ba ni haushi.

Taka, wadda ko tana fushi taka ce, har ƙarshen numfashi.